Inci Huɗu Iri-Iri: Rikicin Bututun Roba a Gyaran Banɗaki

Gyaran banɗaki yana da lokutansa a ƙasar Hausa. Ko dai za a kawo amarya, ko tsohuwa ta fara fama da ciwon gwiwa har tsuguno ya gagare ta, ko kuma mai gidan haya ya lura cewa ɗakin da ke da banɗaki a ciki ya fi kawo kuɗi. Da zarar an yanke shawara, sai hankali ya tafi ga abin da ido zai gani. Maigida zai yini a kasuwar kayan gini, Ƙofar Ruwa ce a Kano, ko Dei-Dei a Abuja, ko Katako a Yamai, yana juya tayil, yana ƙwanƙwasa masai, yana tambayar wace shawa ce ba ta tsatsa. Bututun da zai kwashe ƙazantar kuwa a ƙarshen lissafi yake zuwa, kuma galibi yaron mai gyaran famfo ake aika ya sayo shi da canjin da ya rage.

Bayan wata shida ko shekara sai labari ya sauya. Fenti ya fara kumbura a bangon ɗakin da ke jikin banɗakin, wari yana tasowa da tsakar dare, kyankyasai suna fitowa ta rariya, ruwan wanka yana tsayawa har idon sawu. A gidan bene kuwa, tabon danshi ne ke bayyana a silin ɗin falon ƙasa. Sai a zargi mai tayil, a zargi birkila. Amma idan aka fasa daɓen, abin da aka fi tararwa shi ne mahaɗa guda, inda bututu da soket ɗin da aka cusa shi ciki ba tsaran juna ba ne, an cike giɓin da gam ko da leda.

Laifin ba na roba ba ne. Bututun roba mai kyau, idan an haɗa shi daidai, yakan yi shekaru gommai a ƙarƙashin ƙasa ba tare da ya ruɓe ko ya yi tsatsa ba. Tushen matsalar shi ne ana sayen bututu da suna, amma da awo ake haɗa shi, alhali sunan da awon sun daɗe da raba hanya.

Yadda inci ya rabu da tef

Inci ɗaya milimita 25.4 ne, don haka inci huɗu ya kamata ya zama milimita 101.6. Duk wanda ya ɗora tef a bakin bututun da ake kira “inci huɗu” a kasuwa ba zai ga wannan lamba ba. Wanda ya fi yawa a Najeriya, faɗinsa daga waje milimita 110 ne. Na tsarin Amurka 114.3 ne. A Amurkar ma akwai wani mai siririn jiki na binnewa a ƙasa, wanda faɗinsa ya kusa 107. A Faransa, bututun masai na gida 100 ne, kuma irinsa yana yawo a ƙasashen da suka gaji tsarin gininta, har da Nijar. Bututu huɗu ke nan masu amsa suna ɗaya, kuma babu wanda zai zauna daram a soket ɗin ɗan'uwansa.

Asalin wannan ruɗani tun zamanin bututun ƙarfe ne, a ƙarni na 19. A lokacin ana kiran bututu da kimanin faɗin cikinsa. Da ƙarfe ya inganta, aka riƙa rage kaurin jikin bututun, amma masana'antu suka bar faɗin waje yadda yake domin tsofaffin mahaɗai su ci gaba da shiga. Daga nan sunan ya daina dacewa da ciki, bai kuma dace da waje ba.

Roba ta zo ta tarar da wannan gado. Wani masanin kimiyya na Jamus, Eugen Baumann, ya ci karo da sinadarin PVC a 1872, amma sai a shekarun 1930 aka fara yin bututu da shi, a Jamus ɗin. Ƙasashen nahiyar Turai suka tsaya kan kiran bututun roba da faɗinsa na waje a milimita: 32, 40, 50, 63, 75, 90, 110, 160. Amurka ta ƙera nata a kan awon tsohon bututunta na ƙarfe. Ingila kuwa ta tsaya a tsakiya. Da ta fara komawa tsarin mita a 1965, ta sauya wa ƙananan bututunta suna amma ta bar jikinsu kusan yadda yake. Shi ya sa har yau bututun Ingila na haɗawa da gam da ake kira 32, faɗinsa 36 ne, mai suna 40 faɗinsa 43, mai suna 50 kuwa 56. Nau'in da ake turawa cikin zoben roba ba tare da gam ba, shi ma awonsa daban ne: mai suna 40 bai wuce 41 ba.

Najeriya ta gaji duk waɗannan a lokaci guda. Tsofaffin gidajen gwamnati da na ma'aikatan jirgin ƙasa a Kaduna da Zariya da Kano a kan tsarin Ingila aka gina su. Ƙasar ta koma tsarin mita a hukumance a shekarun 1970, amma bakin kasuwa bai bar inci ba. Kayan da ke shaguna kuma wasu na masana'antun gida ne, wasu daga Sin, wasu daga Indiya ko Turkiyya. Ga kuma cinikin da ba ya yankewa tsakanin Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram, wanda ke sa kayan wannan tsari su tsinci kansu a gidan da aka gina da wancan.

A ƙananan bututu abin ya fi rikicewa. “Inci biyu” yana iya zama 50, ko 56, ko 60, ko 63. A jerin bututun ruwan famfo, mai milimita 63 ake kira inci biyu, mai 50 kuma inci ɗaya da rabi. A jerin bututun kwasar ruwan wanka kuwa, mai 50 ɗin nan shi ake kira inci biyu. Wato a shago ɗaya, bututu mai faɗi ɗaya yana da suna biyu. Maigida ya aika a sayo gwiwa ta inci biyu, a kawo masa ta 63, bututun da ke cikin bangonsa kuma 50 ne. Mai shago bai yi ƙarya ba, ɗan aike bai yi kuskure ba, amma akwai giɓin milimita 13 a mahaɗar.

Abin da gam ke yi, da abin da ba ya yi

Kalmar da ta fi jawo asara a wannan sana'a ita ce: “Alhaji, bar shi, gam zai riƙe.” Gam ɗin bututu ba irin na takalmi ko na katako ba ne. Ruwan sinadari ne mai ƙarfi da ke narkar da fatar robar ta ɓangarorin biyu. Idan aka tura bututu cikin soket, fatun biyu da suka yi laushi sai su cakuɗe, sinadarin ya bi iska, roba ta sandare ta zama jiki ɗaya. Wannan ba ya faruwa sai fatun sun matsu da juna. Inda akwai giɓi, gam ɗin bushewa kawai yake yi ya zama ɓawo mai rauni, kuma ranar da bututun ya motsa kaɗan, ɓawon zai tsage.

Shi ya sa ƙwararren mai gyaran famfo ba ya buɗe gwangwanin gam sai ya gwada haɗin a bushe. Cikin soket a tsuke yake kaɗan daga baki zuwa gindi. Bututun da ya dace zai shiga kamar sulusi zuwa kashi biyu bisa uku na zurfin soket ɗin, sannan ya cije. Wanda ya zurma har gindi yana girgiza, kamar murfin wata samira a kan wata, ba nasa ba ne. Bayan gwaji sai a tabbatar yankan zarto ya tafi a miƙe, a kankare gashin robar da zarto ya bari, a ɗan fiƙe bakin bututun don kada ya share gam ɗin yayin shiga, a goge ƙura da danshi. Sannan a shafa gam a bututu da cikin soket, a tura da sauri tare da ɗan murɗawa, a riƙe kamar rabin minti don kada ya turo kansa waje.

Akwai wani abin da kusan duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin gini ya gani. Soket ya ƙare, ko kuwa bututu biyu sun ƙi shiga juna. Sai yaro ya yago takardar buhun siminti ya cinna mata wuta, ogansa ya riƙe bakin bututun a kan harshen wutar yana jujjuya shi. Robar ta yi laushi, gefenta ya yi baƙi, wani hayaƙi mai yaji ya tashi yana sa hawaye. Nan da nan a cusa ɗayan bututun a ciki, a tsoma a bokitin ruwa, a ɗaga a nuna wa maigida: “Ka gani, ranka ya daɗe, ya kama.” A ido ya kama. Amma PVC yana fara laushi ne a wajen digiri 80, harshen wuta kuwa ya ninka haka sau da yawa, kuma ba ya dumama ko'ina daidai. Gefe ɗaya ya ƙone ya yi gautsi, wani gefen ya miƙe ya sirance. Hayaƙin nan mai yaji kuma iskar asid ce da robar ke fitarwa idan ta fara ƙonewa, tana cutar da huhun mai aikin. An tsira da kuɗin soket guda, an binne mahaɗa mafi rauni a ƙarƙashin tayil mai tsada.

Ba kowace roba ce PVC ba

Ko awo ya dace, sai jinsin robar ya dace. Baƙin bututun ABS da ake amfani da shi a Amurka da Kanada yana da gam ɗinsa daban. Bututun da ke ƙarƙashin wurin wanke hannu, mai santsi mai ɗan lanƙwasuwa, yawanci wata roba ce da gam ba ya kama ta ko kaɗan. Da goro mai murɗawa da zoben roba ake haɗa shi. Koren bututun PPR da ya cika gine-gine yanzu na kawo ruwa ne, kuma da injin zafi ake narka bakinsa a haɗa. Duk wanda ya shafa wa ɗayan waɗannan gam ɗin PVC ya ɓata gam ɗinsa ne kawai.

A tsohon gida kuma sau da yawa sabon bututun roba zai haɗu da tsohon na baƙin ƙarfe, ko na yumɓu, ko na asbestos. Abin da aka saba shi ne a cusa roba a ciki a lafta siminti. Siminti ba ya kama jikin roba, kuma roba tana motsi. Bututun PVC mai tsawon mita shida yana ƙaruwa da kusan santimita guda idan zafi ya tashi da digiri 30, abin da ba baƙo ba ne tsakanin asubahin hunturu da azahar ɗin bazara a bangon da rana ke duka. A hankali sai siririn tsagu ya buɗe a kewayen simintin. Maganin shi ne mahaɗar roba mai laushi wadda ake ɗaurewa da ɗamarar ƙarfe a kowane ɓangare. Ana yin ta da baki biyu masu faɗi daban-daban don irin wannan haɗi. Na asbestos kuwa, ba a yanka shi da injin gurza, domin ƙurarsa tana haddasa mummunan ciwon huhu bayan shekaru.

Sai batun kauri. Bututu biyu suna iya zama 110 daga waje, amma ɗaya kaurin jikinsa ya kai milimita 3.2 kamar yadda ƙa'idar Turai ta EN 1329 ta tanada, ɗayan kuwa ana iya lotsa shi da yatsu biyu. Mai arahar yakan baje idan aka zuba masa kankare ko mota ta taka inda aka binne shi, bakinsa ya daina zama da'ira, mahaɗa ta saki. Araha ba ta ado. Bututun kirki yana ɗauke da rubutu a jikinsa daga farko har ƙarshe: sunan kamfani, jinsin roba, faɗi da kauri, da lambar ƙa'idar da aka bi. Na gida kuma ana sa ran ganin tambarin hukumar kula da ingancin kaya ta SON. Wanda ba shi da rubutu ko ɗaya, babu wanda ya yarda ya ɗauki alhakinsa.

Wane faɗi, a wane wuri

Masai yana buƙatar babban bututu, 110 ko 100. Rariyar ƙasa da wurin wanka 50 ya fi musu, ko da yake 40 ma yana yi idan tafiyar gajeriya ce. Wurin wanke hannu 32 ko 40. A banɗakin da ake alwala da buta, ake wanke ƙafa mai yashi, ake kuma wankin kayan yara, gara a tsaya kan 50 ko sama, domin yashi da gashi da dasƙararren sabulu su ne ke fara toshe ƙaramin bututu.

Ƙa'ida ɗaya ba ta da sassauci: bututu ba ya tsukewa ta inda ruwa ya nufa. Ƙarami ne ke zubawa cikin babba. Filin cikin ramin bututun 110 ya ninka na 50 kimanin sau biyar, don haka wanda ya sa mahaɗar ragewa ya tura masai cikin ƙaramin bututu don gudun fasa bango, ya shirya wa kansa toshewa. Inda ƙarami zai shiga babba a kwance, ana amfani da mahaɗar ragewa mai baki a gefe, a juya ta yadda ƙaramin zai shiga ta sama, domin kada ruwan babban ya komo cikinsa kuma iska ta samu hanya.

Wasu kuma suna ganin babba ya fi kowane lokaci, har su sa 160 a gidan mutum biyar. Wannan ma kuskure ne. Ƙazanta tana tafiya ne idan ruwa ya yi zurfin da zai ɗauke ta. Tsoffin tankunan masai suna sakin lita tara ko fiye, na yanzu lita shida ko ƙasa. A unguwannin da famfo ba ya kawo ruwa, da rabin bokiti ake kora masai. Wannan ɗan ruwa idan ya shiga bututu mai faɗi sosai sai ya baje ya yi shimfiɗa, ya wuce ya bar kayan a baya.

A nan ne gangare yake da muhimmanci. Abin da aka saba bi shi ne bututu ya sauka santimita biyu zuwa biyu da rabi a kowace mita. Lissafin yana da sauƙi amma yana da sakamako: masai mai nisan mita uku daga bangon waje yana buƙatar saukar santimita bakwai da rabi, a haɗa da faɗin bututun kansa, 11, an doshi santimita 19 ke nan. A ƙasa ana iya haƙawa. A bene kuwa kaurin dakin, wato kankaren da ke tsakanin hawa da hawa, yawanci bai wuce santimita 15 ba. Nan ne ake ganin mai aiki ya ɗauki guduma da kurfi yana sassaƙa dakin, wani lokaci har ya yanke rodi. Wannan ya wuce batun yoyo, ya zama barazana ga ginin kansa. Hanyoyin da suka dace su ne a ɗaga daɓen banɗakin, ko a ratsa dakin a miƙe a bi da bututun ta ƙarƙashi, ko a zaɓi masai mai fitarwa ta bango.

Gwiwa, reshe da mazaunin masai

Mahaɗan ruwan famfo da na ruwan ƙazanta suna kama da juna, amma aikinsu daban. Ruwan famfo matsi ne ke tura shi, zai bi kowace kwana. Ruwan ƙazanta nauyinsa kaɗai ke tafiyar da shi, saboda haka kowace kwana mai kaifi birki ce. A bututun da ke kwance, gwiwa biyu masu digiri 45 sun fi gwiwa ɗaya mai 90. Inda reshe zai shiga babban layi a kwance, mahaɗa mai siffar Y ake so, bakinta yana kallon inda ruwa ya nufa. Mai siffar T tana sa ruwa ya daki bangon bututu ya rabu biyu, rabi ya koma baya. An sha fasa banɗaki a tarar an sa Y ɗin a juye. Duk inda layi ya yi kwana ko layuka suka haɗu a waje, a gina camba mai murfi, domin ranar toshewa a samu inda za a zura sanda ba sai an fasa gini ba.

Masai na zama iri biyu ne: mai fitarwa ta ƙasa, wanda 'yan kasuwa ke kira S, da mai fitarwa ta bango, wato P. Mai fitarwa ta bango, tsakiyar bakinsa yakan kasance kimanin santimita 18 daga daɓe. Mai fitarwa ta ƙasa kuwa kowanne da nisan da yake so daga bango. Da yawa daga cikin na Sin 30 ne ko 40, na Amurka inci 12. Ana auna wannan nisa ne daga fuskar tayil, ba daga bulo ba, kuma filasta da tayil suna cin santimita biyu zuwa uku. Wanda ya binne bututu kafin ya sayi masai, ko ya manta da kaurin tayil, zai tarar tankin ya tokare bango ko kuma ya bar wani fili a baya. Wannan ya fi faruwa a inda ake cire masan tsuguno a sa na zama, domin ramin tsohon ba ya faɗawa inda sabon yake so.

Tsakanin bakin masai da bututu akwai mahaɗa ta musamman mai leɓɓan roba, wadda ke karɓar tangaran ta gefe ɗaya, ta shige bututu ta ɗaya gefen. Ita ma tana da awo: ta 110 ba ta zama a 100. Yawancin warin da ake ji a gindin masai daga nan yake, inda aka tsallake ta aka lafta farin siminti.

Ɗan ruwan da ke tsare gida

A ƙarƙashin kowane masai da kowace rariya ya kamata a samu lanƙwasa mai riƙe ruwa, zurfin santimita biyar zuwa bakwai da rabi. Wannan ɗan ruwa shi ne ƙofar da ke hana iskar sokawe da ƙwari shigowa ɗaki. Wani maƙerin agogo a Landan, Alexander Cumming, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1775, kuma har yau ana amfani da ita.

Abin da ke faruwa idan lanƙwasar ta bushe, duniya ta gani a 2003. A rukunin gidajen Amoy Gardens da ke Hong Kong, cutar numfashi ta SARS ta kama fiye da mutum 300. Binciken hukumomi ya gano cewa lanƙwasar rariyoyin banɗakuna da yawa ta bushe, fankokin fitar da iska kuma suna zuƙo gurɓatacciyar iska daga babban bututun masai zuwa cikin gidaje. A ƙasar da iskar hunturu ke busar da wanki cikin sa'a guda, banɗakin baƙi da ba a shiga sai jefi-jefi yana iya rasa ruwan lanƙwasarsa. Buta guda a kowane mako ta isa ta mayar da shi. Rariyar da aka sayo ba ta da lanƙwasa ko kaɗan kuwa, babu butar da za ta yi mata magani.

Bushewa ba ita kaɗai ke kwashe wannan ruwa ba. Idan ƙaramin bututu ya cika bakinsa da ruwa yana gudu, yakan zuƙo iska a bayansa, ya janye ruwan lanƙwasar. Ƙarar “ƙululu” da ake ji a wurin wanke hannu bayan an kora masai alamar haka ce. Shi ya sa ƙa'idar gini ta Ingila ta iyakance tsawon reshen da ba shi da mashaƙar iska: mai 32 kada ya wuce mita 1.7, mai 40 mita uku, mai 50 mita huɗu. Shi ya sa kuma babban bututun masai yake miƙewa har saman rufi da baki a buɗe. Masu gyara da yawa suna yanke shi ko su toshe shi don wai yana ɓata fuskar gida. A maimakon haka, a sa masa raga a baka don sauro, a kuma shafa masa fenti mai haske, domin rana tana sa PVC ya yi gautsi.

Kafin a kira mai tayil

Duk wannan ilimi yana taruwa ne a kwana biyu ko uku, tsakanin fasa tsohon daɓe da zuba sabo. Abu na farko shi ne a san abin da ke cikin gidan. Ba sai da na'urar awo ta musamman ba. A naɗa zare ko tef ɗin tela a jikin tsohon bututun a auna kewayensa: mai 100 zai ba da milimita 314, mai 110 kimanin 345, na Amurka 359. Mai 50 zai ba da 157, mai 56 kuwa 176, mai 63 kuma 198. Bambancin da ido ba ya gani a faɗi, a kewaye ya ninka sau uku. Abin da ya fi wannan ma shi ne a yanko guntun tsohon bututun a tafi da shi kasuwa, a gwada shi a soket a gaban mai shago. Bututu da mahaɗansa kuma a saye su na kamfani ɗaya, a rana ɗaya, bayan masai da rariya sun riga sun iso gida.

Abu na biyu shi ne gwaji. Bayan gam ya bushe, a toshe ƙarshen layin a camba, a cika bututun da ruwa har bakin rariya, a yi alama, a bar shi ya kwana. Idan ruwan ya sauka, akwai yoyo, kuma gyaransa a ranar bai wuce kuɗin soket da gam ba. Sannan a buɗe toshiyar a kora bokiti biyu, wani ya tsaya a camba ya ga yadda ruwan ke isowa. Kafin a rufe, a ɗauki hoton layukan da waya, da tef a shimfiɗe a gefensu, domin wanda zai huda bango bayan shekara goma ya san inda bututu ya bi.

Nauyin bai tsaya kan maigida kaɗai ba. Mafi yawan masu gyaran famfo a wurin oga suka koyi aiki, kuma da yawansu suna da basira da hannu mai kyau; abin da ba a koya musu ba shi ne dalilin da ya sa ake yin kowane abu. Kwalejojin fasaha da asusun horar da ma'aikata na ITF da ƙungiyoyin masu sana'ar suna da hanyar isa gare su, kuma darasin awo da gangare da mashaƙar iska ba ya cin mako guda. Masu shaguna za su rage rabin rikicin idan suka riƙa rubuta milimita a rasit kusa da inci. Hukumar SON kuma tana da ikon hana sayar da bututun da ba shi da rubutun faɗi da kauri a jikinsa. A unguwannin da rijiya da sokawe suke tsakar gida ɗaya, kuma amai da gudawa ke dawowa da damina, mahaɗar da ke tsiyaya a ƙarƙashin ƙasa tana shafar maƙwabta da ke ɗiban ruwa a rijiyar, ba masu gidan kaɗai ba.